Tsoka, abinci da garin kireyatin

Kowace shekara, in an gama girbi, hatsi ya shiga rumbu, sanyi ya sauka, sai hankalin mutanen Nijar ya koma filin kokowa. Jahohi 8 na ƙasa su kan aiko da ƴan kokowa goma-goma. A yi ta karawa kwana da kwanaki. Wanda bai faɗi ba har ƙarshe shi ke ɗaukar takobi. An fara wannan gasa a Tawa a shekarar 1975, kuma Kantu na Maraɗi ne ya ɗauki takobin farko.

Yara su ma ba a bar su baya ba. Suna kallon gasar a talabijin, ko su saurara a rediyo. Kashegari, lokacin shan iska a makaranta, sai ka ga an yi da'ira a kan rairayi, ana ta kama juna. Yaro ɗan shekara 14 ya kan naɗe hannun riga, ya lanƙwasa damtse, ya duba. Sai ya ga nasa siriri ne, na zakarun da ya gani kuwa kamar turmi. Daga nan tambaya ta kan zo masa: me zan ci in zama haka?

A Yamai da Maraɗi da Damagaram akwai wuraren da samari ke taruwa suna ɗaga ƙarfe. A cikin salula kuma ana ganin hotunan ƙarti riƙe da manyan gwangwanaye na wani farin gari. Sunan garin kireyatin. Aboki ya kan ce wa abokinsa: «Sayi wannan ka sha, wata guda ya ishe ka.» Wani ma ya kan nuna masa ƙwayoyi masu araha a tiren mai tallar magani. Yaron da bai san yadda jikinsa ke aiki ba yana iya zubar da kuɗin iyayensa, yana iya kuma zubar da lafiyarsa. Saboda haka ya kamata a san abin daga tushe.

1. Yadda tsoka ke girma

Jikin ɗan Adam yana da tsoka fiye da 600. Su ne ke motsa ƙashi, har mutum ya yi tafiya, ya ɗaga kaya, ya tauna abinci. In an duba naman da aka dafa sosai, za a ga yana rabuwa zare-zare. To, haka tsoka ta ke: damin zaruruwa ne masu iya tsukewa su saki. Kashi 3 cikin 4 na nauyinta ruwa ne. Mafi yawan abin da ya rage kuwa furotin ne, wato sinadarin da ke gina jiki.

Tsoka ba ta girma don an so ta girma. Sai an sa ta aikin da ya ɗan fi wanda ta saba. In mutum ya ja guga mai nauyi, ko ya ɗaga abokin kokowa, zaruruwan su kan gaji. Jiki ya ji saƙon cewa ana bukatar ƙarin ƙarfi a nan. Bayan an huta, musamman cikin barci, sai jiki ya ɗebo furotin daga abincin da aka ci, ya gyara zaruruwan, ya ƙara musu kauri kaɗan. Gobe a sake aiki, a sake ci, a sake hutawa. Da haka damtse ke cika, kamar yadda magini ke aza tubali bisa tubali.

Ke nan abubuwa uku ne ke gina tsoka: aiki, abinci da hutu. Kamar duwatsun murhu su ke. In aka janye ɗaya, tukunya ta kife. Wanda ya ci bai yi aiki ba, kitse zai tara. Wanda ya yi aiki bai ci ba, rama zai yi. Wanda ya hana kansa barci kuwa ya hana maginin lokacin aikinsa.

2. Kowane jiki da lokacinsa

Akwai abu na huɗu wanda ba a saya a kasuwa, shi ne lokaci. Kafin balaga, yaro yana iya ƙara ƙarfi in yana motsa jiki, amma tsokarsa ba ta yin kauri sosai. Ƙarfin nan yana zuwa ne don ƙwaƙwalwa da jijiyoyi sun koyi sarrafa tsokar da kyau. Sai lokacin balaga ne jikin namiji ke fara yin wani sinadari da yawa, mai suna testosteron. Shi ne ke buɗe murya, ya fito da gemu, ya faɗaɗa kafaɗa, ya kuma ba tsoka damar cika.

Ƴan mata su kan yi saurin tsawo wajen shekara 11 zuwa 12. Maza kuwa wajen shekara 13 zuwa 14. Tsawo shi ke fara zuwa, cikar tsoka ta biyo baya. Shi ya sa a kan ga saurayi dogo siriri kamar karan dawa, bayan shekara biyu ko uku a gan shi ya murje. Kuma ba rana ɗaya kowa ke balaga ba. A aji guda, yara biyu sa'o'in juna, ɗaya ya fara gemu, ɗaya ko alama babu. Dukansu lafiyarsu ƙalau. Na biyun bai makara ba, lokacinsa ne bai zo ba. Gado ma yana da nasa rabo: wasu gidaje dogaye ne, wasu kakkaura.

A bakin dogayen ƙasusuwan yaro akwai wani wuri mai taushi, kamar guringuntsi. Daga nan ƙashi ke ƙara tsawo. In girma ya ƙare, wurin ya kan daskare ya zama ƙashi, daga nan babu sauran ƙarin tsawo. Ga ƴan mata hakan na faruwa wajen shekara 14 zuwa 16, ga maza wajen 16 zuwa 18. A riƙe wannan, don za a sake komowa kansa.

3. Abincin da ke gina tsoka

Abinci iri uku ne. Akwai mai ba da ƙarfin aiki: hatsi, dawa, masara, shinkafa, rogo, dankali, mai. Akwai mai gina jiki: wake, gujiya, waken suya, nono, cuku, ƙwai, nama, kifi, fara. Akwai mai kare jiki daga cuta: zogala, kuka, yakuwa, tumatir, kabewa, mangwaro, lemu. Mai son tsoka yana bukatar ukun duka. In bai ƙoshi da tuwo da fura ba, jiki zai ƙone furotin ɗin da ya ci don ya sami ƙarfin tafiya, ba abin da zai rage na gini.

Furotin kansa an haɗa shi ne da wasu ƙananan tubala da a ke kira amino asid. Iri 20 ne. Jiki yana iya yin 11 da kansa, amma 9 dole su zo daga abinci. Nono da ƙwai da nama da kifi suna ɗauke da taran nan daidai yadda jiki ke so. Hatsi yana da ƙarancin guda ɗaya, mai suna lizin. Wake kuwa yana da lizin da yawa, amma yana da ƙarancin wani wanda hatsi ke da shi. In aka haɗa su, kowa ya cike giɓin ɗan'uwansa. Shinkafa da wake, kunu da ƙosai, ɗanwake, fura da nono: kakanni ba su san sunan lizin ba, amma haɗin da suka bari mai kyau ne ƙwarai.

Ga kimanin furotin ɗin da ke cikin garam 100 na wasu abinci, kafin a dafa su:

hatsi: garam 11
wake: garam 23
gujiya: garam 25
waken suya, wanda a ke yin awara da shi: garam 36
jan nama: garam 20

Ƙwan kaza guda yana da garam 6. Lita guda ta madarar shanu tana da wajen garam 33. Ƙuliƙuli ya fi gujiya furotin, domin an matse mai an bar tsaba. Busasshen kifi da busasshiyar fara su ma haka, tunda ruwansu ya fita.

4. Ɗan lissafi

Saurayi ko budurwa mai tasowa na bukatar kusan garam 1 na furotin a kowane kilo na nauyin jiki, kowace rana. Mai yin wasa mai wuya kullum yana bukatar ƙari, wajen garam 1 da rabi a kilo. A ɗauki yaro mai kilo 50, wanda ke zuwa filin kokowa kowace maraice. Bukatarsa ita ce 50 sau 1 da rabi, wato garam 75.

A duba abin da ya ci a yini guda. Fura da kunu da tuwo, waɗanda aka yi da hatsi garam 300, sun ba shi garam 33. Rabin lita na nono ya ba shi 16. Wake garam 100 ya ba shi 23. Cikin tafin hannu na gujiya, garam 30, ya ba shi wajen 8. In aka tara, an sami garam 80. Ya wuce bukatarsa, bai ko taɓa nama ba.

A kantuna ana sayar da wani gari kuma, garin furotin. Yawanci ana yin sa ne da ruwan da ke tsiyaya daga madara in ana yin cuku. A busar da ruwan nan a masana'anta, a zuba masa zaƙi da ƙamshi. Ludayinsa guda yana da furotin garam 20 zuwa 25, daidai da ƙwai 4 ko wake garam 100. Ba guba ba ne, ba kuma sihiri ba ne: abinci ne mai tsada. Kuɗin gwangwani guda ya isa a auno tiya da yawa ta wake, gida duka ya ci. In kuma mutum ya ci furotin fiye da abin da jiki zai iya ginawa da shi, ragowar ba ta zama tsoka. Jiki ya kan ƙone ta, dattinta ya fita ta fitsari.

5. Mene ne kireyatin?

Kireyatin ba baƙo ba ne a jiki. Kowane mutum yana ɗauke da shi tun daga haihuwa. Wani masanin kimiyya ɗan Faransa, Michel Eugène Chevreul, shi ya fara gano shi a cikin nama a shekarar 1832. Ya raɗa masa suna daga kalmar Girkanci mai nufin nama.

Hanta da ƙoda su ke yin sa, daga amino asid guda 3. Suna yin wajen garam 1 a rana. Mai cin nama da kifi yana samun wajen wani garam 1 daga abinci, domin kilo guda na ɗanyen nama yana ɗauke da garam 4 zuwa 5. Babban mutum mai kilo 70 yana da ajiyar garam 120 ko kusa da haka, kuma kashi 95 cikin 100 na ajiyar nan a tsoka ta ke. Kowace rana wajen garam 2 ke lalacewa, ƙoda ta tace shi, ya fita ta fitsari. Abin da ya fita, shi a ke mayarwa.

To, mene ne aikinsa? Tsoka ba ta iya amfani da tuwo kai tsaye. Sai jiki ya juya abinci ya zama wani sinadari da masana ke kira ATP. Shi ne ke sa zaren tsoka ya tsuke. Amma ATP ɗin da ke ajiye a tsoka kaɗan ne. In mutum ya sa ƙarfinsa duka, cikin daƙiƙa 2 ko 3 ya ƙare.

A kwatanta da ruwan sha. ATP shi ne ruwan da ke cikin moɗa, kurɓi biyu ya ƙare. Kireyatin shi ne randar da ke kusa, wadda a ke cika moɗa daga cikinta nan take. Abinci kuwa shi ne rijiya: ruwanta ba ya ƙarewa da wuri, amma jan sa yana ɗaukar lokaci. Sa'ad da ɗan kokowa ya sunkuya ya ciccibi abokin karawarsa, ko mai gudu ya fyalla mita 100, daga randa su ke sha. Randar ta kan ƙare cikin daƙiƙa 10 ko makamancin haka. In aka huta ƴan mintoci, rijiya ta sake cika ta. Mai doguwar tafiya kuwa, ko mai noma tun safe har azahar, da rijiya ya dogara.

6. Garin da a ke sayarwa

Garin kireyatin na kanti a masana'anta a ke haɗa shi, amma iri ɗaya ne da na jiki. Ya yi suna a duniya bayan wasannin Olamfik na Basalona a ƙasar Sifen, a shekarar 1992, lokacin da aka ji cewa wasu zakarun gudu sun sha shi. Tun daga nan masana sun yi bincike mai yawa a kansa. Hukumar duniya mai yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni ba ta sa shi cikin abubuwan da ta haramta ba.

Ga abin da binciken ya nuna a jikin manya. Wanda ke shan garam 3 zuwa 5 a rana, ajiyar tsokarsa ta kan ƙaru da wajen kashi 20 cikin 100. Wato randar ta ɗan ƙara girma. Mai ɗaga ƙarfe wanda ke gajiya a ɗagawa ta 8 yana iya kaiwa ta 9 ko ta 10. Ƙarin aikin nan, in aka daɗe ana yi, shi ke kawo ɗan ƙarin tsoka. Ke nan aikin ne ke gini, garin taimako kawai ya yi. Wanda ya sha ya kwanta a inuwa ba zai ga damtse ba. Akwai kuma mutanen da ko sun sha ba sa ganin wani canji, domin randarsu a cike ta ke tun can.

Wanda ya fara sha da yawa, nauyinsa ya kan hau da kilo 1 ko 2 cikin mako guda. Yaro ya hau sikeli ya yi murna, ya ce tsoka ce. Alhali yawancinsa ruwa ne, domin kireyatin yana jan ruwa zuwa cikin tsoka. In aka daina sha, bayan ƴan makonni ruwan ya tafi. Wasu kuma in sun sha da yawa a lokaci guda su kan yi ciwon ciki ko zawo. Ga babban mutum mai lafiya, wanda bai wuce ƙima ba, bincike bai nuna yana ɓata ƙoda ba. Mai ciwon ƙoda kuwa ba ya taɓa shi sai da izinin likita.

7. Me ya sa ba na yara ba ne?

Dalili na farko: kusan dukan binciken a jikin manya aka yi shi. Wanda aka yi a kan samari kaɗan ne, kuma na ɗan gajeren lokaci. Saboda haka ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ba ta goyon bayan a ba wanda bai kai shekara 18 ba irin waɗannan abubuwa don wasa. A Faransa ma, a shekarar 2016, hukumar da ke kula da lafiyar abinci ta ba da shawarar kada yara da samari da mata masu ciki su sha kayan ƙara tsoka. Akwai yaran da likita ke ba kireyatin saboda wata cuta ta musamman. Wannan magani ne, maganarsa daban.

Dalili na biyu: saurayi ba ya bukatarsa. Jikinsa yana cikin lokacin da ya fi kowane lokaci saurin gini. Abin da balaga da aiki da abinci za su ba shi cikin shekara guda ya ninka abin da gari zai ba shi sau da yawa.

Dalili na uku shi ne mafi nauyi: ba kullum ne abin da aka rubuta a bayan gwangwani ke cikinsa ba. Ba a binciken kayan nan da tsanani kamar yadda a ke binciken magani. A shekarun 2000 da 2001, masana a birnin Kolon na Jamus sun sayo irin kayan nan guda 634 daga ƙasashe 13, suka auna su. Guda 94 daga ciki, wato kusan kashi 15 cikin 100, suna ɗauke da sinadaran da aka haramta a wasanni, waɗanda ba a rubuta sunansu a jiki ba. Garin da aka auna wa mutum a leda a bakin kasuwa, ba suna ba kwanan wata, wa ya san abin da ke ciki?

8. Ƙwayoyi masu haɗari

Yaron da ya saba neman ƙarfi a gwangwani, wata rana zai neme shi a ƙwaya. Nan ne babban haɗari ya ke.

Akwai ƙwayoyi da allurai da a ke kira sitiroyid na ƙara tsoka. Suna kwaikwayon testosteron. Gaskiya ne suna kumbura tsoka, amma farashinsu yana da ciwo. Suna iya daskarar da wurin nan mai taushi na bakin ƙashi tun lokaci bai yi ba, yaro ya tsaya gajere har iyakar rayuwarsa. Suna ɓata hanta, su hau da jini, su raunana zuciya. Suna sa ƙuraje da saurin fushi. Ga namiji suna ƙanƙantar da maraina, su fito masa da nono, su rage masa haihuwa. Ga mace suna kawo gemu da muryar maza, kuma muryar ba ta kan koma ba.

Akwai deksametazon, wanda wasu ke sha don su yi ƙiba, musamman ƴan mata. Magani ne na gaske, likita na ba da shi don wasu cututtuka. Amma wanda ya daɗe yana sha ba dalili, fuskarsa da cikinsa su kan kumbura da ruwa da kitse, hannu da ƙafa kuwa su sirance, domin maganin cinye tsoka ya ke yi. Yana kawo ciwon sukari da hawan jini, yana sa ƙashi ya yi rauni. Wanda ya riga ya daɗe a kansa kada ya yanke shi rana ɗaya, sai ya je asibiti a rage masa sannu a hankali.

Akwai kuma taramol. Shi ba ya ƙara ko zare guda na tsoka. Ɓoye gajiya da ciwo kawai ya ke yi, mutum ya yi ta aiki har ya ji wa kansa rauni bai sani ba. Yana kama mutum ya kasa bari, yana sa farfaɗiya, yana kisa. Tun daga ranar 1 ga Janairu 2024 an haramta shi a lokacin gasa a wasannin duniya.

9. Ɓarayin ƙarfi

Wani yaro yana ci yana wasa, amma kullum a gajiye ya ke, jiki ba ya cika. Sau da yawa akwai ɓarawo a cikin gida. Tsutsar ciki tana raba abinci da shi, wata irin ma jini ta ke sha. Tsargiya, wadda a ke ɗauka wajen wanka a tabki, tana zubar da jini ta fitsari. Zazzaɓin cizon sauro yana farfasa ƙwayoyin jini. In jini ya yi ƙaranci, iskar da a ke shaƙa ba ta isa tsoka yadda ya kamata, sai mutum ya riƙa haki da ɗan gudu kaɗan.

Irin wannan yaro asibiti ya kamata a kai shi, a auna jini da fitsari da bayan gida. Maganin tsutsa da gidan sauro sun fi masa kowane gari amfani. Jini kuma yana bukatar sinadarin ƙarfe, wanda a ke samu a hanta, da nama, da wake, da ganye. Ƴan mata sun fi bukatarsa saboda jinin al'ada. Lemu da tumatir suna taimaka wa hanji ya tsotse shi, shayi mai kauri a kan abinci kuwa yana hana shi shiga.

10. Hanyar da ba ta da haɗari

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro daga shekara 5 zuwa 17 ya motsa jiki aƙalla minti 60 kowace rana, kuma aƙalla kwana 3 a mako ya yi aikin da ke ƙarfafa tsoka da ƙashi. Wannan ba ya bukatar kuɗi. A kwanta rub da ciki a ɗaga jiki da hannuwa. A tsuguna a miƙe. A kama reshe mai ƙwari a ja jiki sama. A yi gudu, da tsalle, da langa, da ƙwallo, da kokowa a kan rairayi. Jan guga da daka da noma su ma aikin tsoka ne. Ɗaga ƙarfe ba ya hana tsawo in an yi shi daidai, da nauyi madaidaici, a gaban wanda ya san aikin. Abin da ke ji wa yaro ciwo shi ne gasar ɗaga abin da ya fi ƙarfinsa don a yaba masa. A fara da kaɗan, a riƙa ƙarawa sannu sannu, a bar tsokar da ta gaji ta huta kwana guda.

A ci sau uku a rana, a tabbata akwai mai gina jiki a kowane ci. Kada a tafi makaranta ciki wayam, sai da ruwan ciki a kan ja na rijiya. A sha ruwa mai tsabta kafin wasa da bayansa, musamman a watannin Afrilu da Mayu, sa'ad da zafi ke wuce awo 40. In fitsari ya yi rawaya mai duhu, jiki na neman ruwa. Saurayi da budurwa kuma suna bukatar barcin awa 8 zuwa 10. Wanda ya raba dare yana kallon salula ya cuci tsokarsa da karatunsa gaba ɗaya.

Ƴan Nijar sun kai ƙarfinsu har gaban duniya. Isaka Dabore ya ciyo lambar tagulla a dambe a wasannin Olamfik na 1972 a Jamus. Abdul Razak Alfaga ya ciyo ta azurfa a tekwando a 2016 a Burazil, ya kuma zama zakaran duniya a 2017. Kowace irin wannan lamba shekaru ne na horo ke bayanta. Ba a fafe gora ranar tafiya. Yaron da ya naɗe hannun riga yana duban damtsensa ya ci wakensa, ya sha furarsa da nono, ya je fili, ya yi barci. Ranar da wani ya miƙo masa gari ko ƙwaya, ya kai maganar wurin iyayensa, ko malaminsa, ko ma'aikacin asibiti, kafin ya kai hannu baki.

Ma'anar kalmomi

Furotin: sinadarin abinci wanda jiki ke gina tsoka da fata da jini da shi.
Amino asid: ƙananan tubalan da ke haɗuwa su zama furotin.
Kireyatin: sinadarin da ke ajiye a tsoka, mai ba ta ƙarfin gaggawa na ƴan daƙiƙoƙi.
Testosteron: sinadarin da ke kawo alamun balaga ga namiji.

Tambayoyi

1. Waɗanne abubuwa uku ne ke gina tsoka? Me zai faru in aka rasa ɗaya?
2. Me ya sa haɗin hatsi da wake ya fi hatsi shi kaɗai?
3. A misalin moɗa da randa da rijiya, mene ne kowannensu ke nufi?
4. Wanda ya fara shan garin kireyatin, nauyinsa ya hau da kilo 1 cikin mako guda. Mene ne yawancin kilon nan?
5. A kawo dalilai uku da suka sa garin nan ba na yara ba ne.
6. Yarinya tana da kilo 44, tana wasan gudu kullum. Garam nawa na furotin ta ke bukata a rana?

Aikin yi

Kowane ɗalibi ya rubuta abin da ya ci jiya tun safe har dare. Ya raba shi gida uku: mai ba da ƙarfi, mai gina jiki, mai kare jiki. Ya duba gidan da ya fi ƙaranci, sa'an nan ya faɗi wane abinci mai araha na kasuwar garinsu ne zai iya cike shi.